Sunan 'Yar Fari a Bikin Italiyawa

Wata uku ke nan da muka binne babbar 'yata a garin nan na Kuala Lumpur, kuma har yau ban ji abin da ake cewa uwa tana ji ba. Ina cin abinci, ina salla, ina barci. Matan ɗalibai 'yan ƙasarmu suna zuwa gaisuwa su yi kuka har su jiƙa mayafi, ni ce nake miƙa musu ruwa ina ba su haƙuri. In sun tafi sai in ja kujera bakin taga, can saman benen da nake zaune wurin ɗana a Bukit Jalil, in yi ta kallon jirgin dogon cikin gari, LRT, yana wucewa a ƙasa, ko ƙararsa ba ta isowa. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, in ka tsunkule ta ma ba ka ji. Abu ɗaya ne yake dawo mini, kuma ba jinyarta ba ce, ba bikin aurenta ba. Wata rana ce da muka je bikin Italiyawa tana 'yar shekara shida.

Sai na fara faɗin irin gidan da na fito, in ba haka ba 'yan yanzu za su ce tsohuwar nan ba ta da hankali. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ni kaina 'yar fari ce. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba, domin kakata ta wajen uba tana kirana sau ɗari a wuni, ta aike ni, ta zage ni, ta ɓoye mini ƙanzon tuwo. Ga gwaggonni, ga matan baffanni, ga maƙwabta, sunana yana yawo a tsakar gida tun daga asuba. Kakar nan tawa takan ce, "Uwa ta yi shiru ne don ta san akwai mu. Ranar da kika haihu, ki kama bakinki, mu za mu so miki shi." Da na haihu kuwa na kama bakina. Yarinyar tana da shekara biyu, daidai lokacin da uwar mijina za ta ɗauke ta riƙo, sai gwamnati ta ba Malam, maigidana, gurbin karatu a Malesiya, ya ce da iyalinsa zai tafi. Na ɗaure kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya a cikin zani, na taho da kunyata gaba ɗaya. Kakanni da gwaggonni dai ba su shiga akwati ba.

Garin da muka tarar ba wannan ba ne. Ɗakinmu yana hawa na huɗu a wani tsohon bene mara lif, matattakala tana warin soyayyen kifi da barkono. Da sassafe kiran salla daga masallacin unguwa, daga shi sai ƙahon mai burodi a kan babur, daga shi sai ƙarar maƙwabciyata Bamaleshiya tana dakan yaji a ɗan turmin dutse. Ni kuma wankin nafkin na yadi, in shanya a sanda ta taga, ido yana kan sama, don ruwan garin nan ba ya sallama, bayan azahar sai dai ka ji shi. Tuwo da garin shinkafa nake tuƙawa, kukar kuwa da cokalin shayi nake auna ta, sai wani ɗalibi ya dawo daga gida a samu ƙari. In za mu sayi yadi sai mu hau ƙananan bas ɗin nan masu launin hoda, kwandasta yana ta ihun a matsa ciki alhali ba cikin, mu sauka titin Jalan Tuanku Abdul Rahman mu taka har kasuwar Masjid India, mu taya yadi da hannu da ido. Gida kuwa sai dai kaset. A ɗauki murya a ba matafiyi, bayan wata biyu amsa ta zo. Uwar mijina takan buɗe nata kaset ɗin da kiran sunan jikarta sau uku tana yi mata kirari, yarinyar ta koyi mayar da kaset baya tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba, ta yi ta maimaita wurin nan har ya fara shaƙewa. Ina ji ina tsintar shinkafa, ina cewa a raina yarinta ce.

Yanzu fa? Matan ɗaliban yanzu waya ce a hannu, uwa tana Kano tana kallon tukunyar 'yarta tana cewa ta ƙara gishiri. Mota ma a waya ake kiranta ta zo har ƙofa. In na sauka bakin wurin wankan yara da yamma sai in ji yarinya ƙarama tana ƙwala wa ɗanta na fari kira, suna tiryan-tiryan, har da "my love" a kai, ta cafe shi ta sumbata a gaban mijinta da abokan mijinta. Da can nakan taɓe baki in ce duniya ta lalace. Na sha faɗa musu ma, su yi dariya su ce, "Hajiya ke nan, old school." Yanzu ba na cewa komai, kallo kawai nake yi.

Ni dai "ke" nake ce mata. In ina magana da ubanta in ce "'yar gidan nan", da aka haifi ƙaninta sai ta koma "yayarka". Ba ta taɓa tambaya ba. Yarinya ce mai shiru, mai kallon mutum, Hausarta a cakuɗe da Malayancin 'ya'yan maƙwabta.

Malamin da yake duba aikin Malam a jami'a Ba'italiye ne, dogo mai surutu da hannu. Shi ya ba shi takardar gayyata, ya ce mutanen ƙasarsu da suke aiki a garin suna yin wani biki duk shekara kafin su shiga azuminsu, a filin wani kulob, ya zo da iyali yara su yi wasa. Na ce, "Malam, bikin Nasara fa? Da alade da giya?" Ya ce, "Mutumin da zai sa hannu a takardata ne. Za mu je mu gaisa mu dawo." Na dafa dambun shinkafa na cika kula, na ɗauki ruwanmu, na goya ƙaramin, muka hau bas biyu. Babbar tana zaune a cinyar ubanta tana ƙirga motoci.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Mun ɗauka Italiyawa ashirin ne za su ci abinci su watse, ashe sun gayyato rabin gari. Malayu, 'yan Sin, Indiyawa, Turawa, kafaɗa tana gugar kafaɗa tun daga bakin ƙofa. Kuma kusan kowa ya rufe fuskarsa. Wani da farar fuska mai dogon baki irin na shamuwa, wata da fuskar zinariya da gashin tsuntsu a ka, ga manyan riguna na karan-miski har ƙasa a cikin zafin nan da ake dafuwa, zufa tana tsiyaya ta ƙarƙashin fuskokin aro. Na ce wa Malam, "Waɗannan kuwa sun tambayi garin da suke?" Ana kaɗa ganga, wani tsoho yana matsa wani akwatin kiɗa a ƙirjinsa, wani ya hau dogayen sanduna yana tafiya a saman mutane, ana watsa gutsattsarin takardu masu launi har cikin goyona. Wata mata ta miƙo mini cincin ɗinsu mai faɗi da aka barbaɗa wa sukari, na karɓa na gode na ƙulle a gefen mayafi, don ban san da man da aka soya shi ba. Gaskiya na sha kallo. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma rabona da ganin taron biki tun barinmu gida.

Da la'asar ta yi Malam ya ce zai fita ya nemi masallaci. Ya ajiye mu kusa da wata babbar rumfa ya ce kada mu motsa. Bai daɗe da tafiya ba wasu mata suka zo suna tattara yara zuwa wani tanti, wai za a yi musu ado su zagaya fili. Yarinyar ta ja gefen zanina.

"Umma, boleh?"

Izini take nema. Na ɗaga mata kai ina kallon wani wuri, yadda na saba. Ta bi su da gudu.

Da suka fito sai gabana ya ɗan faɗi. Yara wajen hamsin, duk an zura musu farar riga burmeme mai jan ƙasa, hannun rigar ya wuce yatsu, ga doguwar farar hula ta rufe kai da wuya, ga fuskar kwali iri ɗaya. Ba ka gane baƙi, ba ka gane fari, ba ka gane mace. Na ce ba komai, in sun gama zagayen za su cire. Ba su kai rabin fili ba sama ta tsage. Ruwan garin nan in ya tashi ba yayyafi yake farawa da shi ba. Mutum dubu suka yo kan rumfa guda a lokaci ɗaya, aka ture ni, kular dambu ta kife, yaran suka watse a tsakanin ƙafafun manya. Sai kowane baki ya buɗe. Iyaye mata suna ta ƙwala sunaye, na Italiya, na Malayu, na Sin, kowace ta kira sai ka ga wata 'yar farar riga ta juya ta ruga wurinta. Da ido ba mai gane nasa, kira ne kawai yake aiki.

Na buɗe baki na ce, "Ke!" Na ƙara ɗaga murya, "Ke yarinya!" Wa zai waiwayo? Na kutsa nan, na kutsa can, ina ɗaga fuskokin 'ya'yan mutane ina mayarwa, na goye yana tsala kuka. A gefen filin akwai wata babbar kwata ta siminti, irin waɗanda suke garin nan, da muka shigo a bushe take, yanzu ta cika tana gudu da jan ruwa. Ina kallo wata farar hular yara ta wuce a kan ruwan tana juyawa. Na ga hular nan da idona. Sunan yana cikin bakina, ina jin nauyinsa a kan harshe, amma shekara shida ban taɓa fitar da shi ba, kuma ga jama'a. Ba shawara na yanke na ce ba zan kira ba. Na tura, ya ƙi fita.

Wani mai gadi Bamaleshiye ya ga yadda nake, ya zo da lasifikar hannu. "Nama anak, kak? Nama?" Sunan yarinyar yake so ya faɗa a lasifika. Na tsaya ina kallonsa ruwa yana zuba a fuskata. Ya sake tambaya da Turanci, a hankali, ya ɗauka ban ji ba ne. Na ce masa da guntun Malayancina a jira mijina. Ya dube ni, ya dubi kwatar, ya sake dubana. Ban manta kallon nan ba.

Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, zai kai a dafa shayi a sha. Sai ga Malam a jiƙe sharkaf, takalmi a hannu. Ya ce, "Ina take?" Na nuna taron. Ya sa hannu biyu a baki ya kira sau ɗaya. A jikin ginshiƙin rumfar, tsakanina da wurin bai fi taku huɗu ba, wata 'yar farar riga ta ɗaga hannu ta cire fuskar kwali. Ita ce. Ubanta ya sure ta ya rungume. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina takalminki ɗaya?"

A bas ɗin komawa ta yi barci a kafaɗarsa. Sai da muka yi nisa sannan Malam ya ce a hankali, "Ko sau ɗaya ba ki kira ta ba?"

Na ce, "A gaban jama'a, Malam?"

"Wace jama'a? Wa ya san ki a wurin nan? Wa zai kai labari gida?"

Na juya ina kallon taga. Shi ma ɗan garinmu ne, ya san abin da ya hana ni, bai sake tayar da zancen ba. Na ji haushinsa ranar, na ce a raina boko ya fara cinye shi. Da muka isa na dafa mata ruwan zafi na gasa mata jiki, na ba ta kunu, na fi kowane dare daɗewa ina shafa mata mai. Na ɗauka wannan ya biya.

Malam ya gama karatu, jami'ar ta riƙe shi koyarwa, shekara ta bi shekara muka zama 'yan gari. Aka daina ƙananan bas, aka rushe tsohon benenmu. Yarinyar ta girma ta yi karatu ta zama malama ita ma, wani ɗan Katsina mai koyarwa a nan ya nemi aurenta. Ana saura mako biyu biki muka je Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen labule, muka gaji muka zauna a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, muna shan shayi. Tana juya cokali ta ce, "Umma, kin tuna carnival ɗin nan na Italians?"

Na ce, "Ranar da kika kusa kashe ni? Na tuna."

"Kin san ina ganinki? I was right there lah, jikin pillar. Tun da aka fara ruwan na gan ki."

"To me ya hana ki fitowa?"

Ta yi 'yar dariya tana kallon kofi. "Kowa mamansa tana kiransa. Sai na ce bari in ƙirga zuwa ɗari, in kin kira ni in fito da gudu. Na kai ɗari, na sake farawa. Ina cikin na huɗu Abba ya zo."

Ga ta nan a gabana, tebur ne kawai a tsakaninmu, kuma duk shagon ba mai jin Hausa. Na ce, "Allah ya shirye ki, ashe da gangan kika yi." Ta ce amin tana dariya. Na ce ta shanye mu tafi kafin mai labule ya rufe.

Da ta haifi tata 'yar farin, tun a gadon asibiti take kiran sunanta, tana rera shi, tana gutsura shi tana yin wasu ƙananan sunaye da shi. Na ce, "Ke ba ki da kunya?" Ta ce, "Na bar miki, Umma, taki ta ishe mu." Wasa muke yi. Mun saba sosai ni da ita, kada wani ya ɗauka gaba muke. Kullum sai ta kira ni a waya, ita take kai ni ganin likita, ita ta riƙe ni lokacin da Malam ya rasu. Sai bayan rasuwarsa na lura gidan ya rage ba mai kiran sunanta, don ƙaninta Yaya yake cewa. Na lura, na kuma ce akwai lokaci.

Ciwon ya ɗauke ta wata takwas. Ranar ƙarshe, bayan azahar, muna ɗakin asibiti ni da mijinta da yayan mijin da ya zo daga gida, da ɗana, da jikata mai shekara goma sha biyu. Tun safe ba ta buɗe ido ba, numfashin yana zuwa yana tsayawa. Mijinta yana yi mata kalmar shahada a kunne. Wata nas Bamaleshiya, wadda ta saba da mu, ta dafa kafaɗata, ta kira ni Makcik, wato gwaggo, ta ce, "Makcik, panggil dia. Call her name. Suna jin muryar uwa." Maganar ƙarshen nan da yarensu ta yi ta, ɗana ne ya fassara mini da Hausa, ko da yake na ji.

Na matsa bakin gadon. Na ɗaga kai, ga surukina, ga yayansa dattijo da carbi, duk sun zuba mini ido. Wallahi na yi niyya. Wannan karon na san zan faɗa. Abin da na ce shi ne, "Ku ɗan ba ni wuri."

Suka fara fita. Yayan mijin ya tsaya ya shafa addu'a tukuna. Mijin ya nemi hularsa, ya dawo ya sumbaci goshinta. Jikata ta riƙe ƙarfen gado ta ce, "No, I'm staying with Mummy," sai da kawunta ya lallashe ta, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina jira, ina kallon ƙofa, ban kalli gado ba. Nas ɗin ce ta fita ƙarshe ta ja ƙofar.

Na sunkuya na sa bakina a kunnenta na kira ta. Sunan ya fito ba wuya ko kaɗan, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Na sake kira. Na kira na uku da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga nesa. Sannan na lura ƙirjinta ba ya motsi, kuma ban san tun yaushe ba.

Na danna ƙararrawa nas ta shigo. Ta taɓa wuyanta, ta ɗaga fatar idonta, ta dubi agogon hannunta. Na ce mata, "Ta ji?" Ta riƙe hannuna ta ce ba ta sani ba, Makcik, Allah ne ya sani. Na gyara wa 'yata ɗankwalinta da ya zame, na buɗe ƙofa na ce su shigo.